Bel ɗin kujera a motocin bas: Kariyar da yake bayarwa da nauyin da yake ɗora wa jikin mota

Bel ɗin kujera na cikin kayan kariya mafi arha da aka taɓa ƙirƙira wa mota. Nau'insa da aka fi sani a yau, wanda ke ratsa ƙirji ya kuma kewaye ƙugu, injiniyan kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin, Nils Bohlin, ne ya ƙera shi, aka fara sanya shi a motoci a 1959. Jihar Victoria ta Ostireliya ce ake lissafawa a matsayin ta farko da ta wajabta ɗaura shi, a 1970. A Najeriya kuwa, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta amfani da shi a watan Janairun 2003. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke rasa rayukansu a kan hanyoyi duk shekara, ta ce ɗaura bel na iya rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota da kusan rabi.

Duk da haka, wanda ya hau bas ta cikin gari a Landan ko New York ba zai tarar da bel a kujerarsa ba, kuma doka ba ta ga laifin hakan ba. Idan ya sauka ya shiga safar da za ta kai shi wani gari, sai ya tarar da bel a kowace kujera, a Birtaniya ma doka ta ɗora masa alhakin ɗaurawa. Tambayoyi biyu ne suka haifar da wannan bambanci. Ta farko ita ce irin haɗarin da kowace bas ta fi fuskanta. Ta biyu, wadda ba a cika tattaunawa a kanta ba, ita ce ko jikin motar zai iya riƙe fasinja idan bel ɗin ya riƙe shi.

Yadda doka ta raba motocin bas

Ƙa'idojin ƙera motoci na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda ƙasashen Turai da wasu da dama ke aiki da su, sun kasa manyan motocin bas gida uku. Rukuni na ɗaya shi ne na cikin gari, mai filin tsayuwa, wanda ake yawan hawa da sauka. Na biyu yawancin fasinjojinsa a zaune suke, amma an yarda wasu su tsaya a hanyar tsakiya. Na uku na masu zama ne zalla, wato safar doguwar tafiya.

Kusan ko'ina wannan rabon ake bi. Birtaniya ta wajabta sanya bel a sababbin safa-safa da ƙananan bas tun daga Oktoban 2001, amma ta cire na cikin gari masu ɗaukar fasinja a tsaye. Tarayyar Turai ta fitar da umarni a 2003, wanda ya fara aiki a 2006, cewa duk kujerar bas da ke da bel wajibi ne a ɗaura shi. Amurka ta yi jinkiri sosai: sai a Nuwamban 2013 hukumar kula da lafiyar hanyoyinta ta fitar da dokar sanya bel a sababbin manyan safa-safa, ta fara aiki a Nuwamban 2016, ita ma ta tsame bas ta cikin gari. Kanada ta bi sahu daga Satumban 2020. A wasu daga cikin waɗannan ƙasashe kujerar direba daban take, domin direban da ya zame daga kujerarsa ya bar mota ba mai riƙe ta.

Abin da ke faruwa da jikin fasinja

Idan mota ta daki wani abu ta tsaya cak, jikin wanda ke ciki yana ci gaba da tafiya da gudun da motar ke yi har sai ya ci karo da abin da zai tare shi. Karo a kan gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kimanin mita 10. Idan gudun ya kai kilomita 100, tsayin yakan ninka sau huɗu, ya kusa mita 40.

Bas tana da wata gata da ƙaramar mota ba ta da ita, wato nauyi. A ɗauka bas mai tan 15 ta yi taho-mu-gama da ƙaramar mota mai tan ɗaya da rabi, kowacce tana gudun kilomita 50. A lissafi, gudun bas ɗin zai ragu da kimanin kilomita 9 kacal, alhali ƙaramar motar za ta fuskanci sauyin gudu na kimanin kilomita 91, domin za ta tsaya ne sannan bas ɗin ta tura ta baya. Fasinjan bas zai ji girgiza, na ƙaramar motar kuwa rayuwarsa ce a kan siraɗi. Idan aka haɗa wannan da ƙarancin gudu a cikin gari da yawan tsayawa, za a fahimci abin da ya sa bas ta cikin gari ke cikin abubuwan hawa mafi aminci a kan titi. Yawancin raunukan da ake samu a cikinta ma ba daga karo suke zuwa ba. Faɗuwa ce wajen hawa ko sauka, ko lokacin da direba ya taka burki ba zato, kuma tsofaffi da waɗanda ke tsaye ne suka fi shan wahalarta. Bel ba shi da abin da zai yi wa mutumin da ba shi da kujera.

A babbar hanya labarin ya sha bamban. Abin da ya fi kisa a safa shi ne kifewa da wuntsilawa, inda manyan gilasan gefe ke tarwatsewa, a yi jifa da fasinja waje, sau da yawa motar ta danne shi. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta ƙiyasta cewa bel mai ratsa ƙirji da ƙugu na rage haɗarin mutuwa a irin wannan kifewa da kashi 77 cikin ɗari, musamman saboda yana hana a wurga mutum waje. Masu tsoron kada bel ya hana su fita idan wuta ta tashi sukan manta cewa wanda bai bugu ya suma ba shi ne ke iya kwance bel ya nemi ƙofa.

Inda nauyin ke sauka

Nan ne aikin injiniya yake. Bel ba ya ɓatar da ƙarfin karo, karɓarsa yake yi daga jikin mutum ya miƙa wa kujera. Kujera ta miƙa wa ƙafafunta, ƙafafu su miƙa wa ƙusoshi, ƙusoshi su miƙa wa daɓen mota, daɓe ya miƙa wa ƙarafan da ke ƙarƙashinsa. Duk wanda ya gaza a cikin waɗannan, sauran sun tashi a banza.

A ƙaramar mota ana kafe bel ɗin kafaɗa ne a jikin ginshiƙin da ke tsakanin ƙofofi, wanda dama an ƙera shi da ƙarfi. A bas babu wannan dama. Gefenta gilashi ne mai faɗi, kuma wanda ke zaune ta ɓangaren hanyar tsakiya ya yi nisa da bango. Dole a dasa bel ɗin a jikin majinginar kujerar kanta. Idan aka yi karo, jikin fasinja zai fizgi saman majinginar zuwa gaba, ita kuma ta zama tamkar ƙarfen banƙara: ƙafafun gaba su nutse cikin daɓe, na baya su nemi tumɓukewa. Gwargwadon tsayin wurin da bel ya fito, gwargwadon ƙarfin banƙarar.

Alƙaluman gwaji sun nuna girman lamarin. Ƙa'ida ta 14 ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buƙaci a ja bel ɗin ƙaramar mota da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin kimanin kilogiram 1,375 a kafaɗa, da irinsa a ƙugu, ba tare da maƙalar ta ɓalle ba. Ga bas da ba ta wuce tan 5 ba an rage shi zuwa rabi, ga babbar bas kuwa zuwa kashi ɗaya cikin uku, bisa hujjar cewa nauyinta na sassauta girgizar. Amurka ba ta yarda da wannan rangwame ba. Ta ɗora wa safa ma'aunin ƙaramar mota, wato kimanin kilogiram 1,360 a kafaɗa da irinsa a ƙugu ga kowane fasinja. Ke nan kujera mai cin mutum biyu za ta jure jan da ya kusa tan biyar da rabi a lokaci guda.

Kujerar bas ta cikin gari ba a ƙera ta don wannan ba. Galibi ta roba ce mai tauri, majinginarta gajera, da ƙarfen riƙo a samanta. Wasu suna kallon gefe, wasu suna kallon baya. Da yawa a jikin bango kawai aka maƙala su, babu ƙafa a ƙasa, don a ji daɗin shara. Daɓen kuma sau tari katako ne da aka shimfiɗa a kan ƙarafa, aka yi shi ƙasa-ƙasa don tsofaffi da masu keken guragu su shiga cikin sauƙi. Sanya bel a irin wannan mota na nufin sauya kujeru, da ƙara ƙarafa a ƙarƙashin daɓe da jikin bango. Kowane ƙarin ƙarfe nauyi ne, kuma tunda doka ta iyakance nauyin da mota za ta ɗauka, abin da ya ƙaru a jiki daga adadin fasinjoji za a cire shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa dokar Amurka ta 2013 ba ta tilasta wa tsofaffin safa-safa sanya bel ba.

Akwai kuma wata sarƙaƙiya. Kujerar da za ta riƙe mai bel dole ta yi tauri. Amma idan na bayanta bai ɗaura nasa ba, a kanta zai faɗo, don haka ana son bayanta ya yi laushi, ya ɗan lanƙwashe ya shanye bugun. Mafi muni shi ne a haɗa mata biyun, na gaba yana ja, na baya yana turowa. Wasu masu ƙera kujeru sun warware wannan da firam biyu: na ciki ya bi mai bel, na waje ya tsaya ya tari na baya. Irin wannan kujera ta fi nauyi, ta kuma fi tsada.

Bel ɗin ƙugu kaɗai, wanda ya fi sauƙin sanyawa, shi ma da nasa aibin. Yana hana a wurga mutum waje, amma a karon gaba yakan riƙe ƙugu ya bar gangar jiki ta naɗe, kai ya daki abin da ke gaba. Gwaje-gwajen da hukumar sufuri ta Kanada ta yi wa motocin 'yan makaranta a 1984 sun nuna haka. Idan abin da ke gaban ƙarfen riƙo ne, kamar yadda yake a bas ta cikin gari, maganin na iya zama cuta. Amurka ta bi wata dabara ga manyan motocin 'yan makaranta tun 1977: kujeru masu doguwar majingina, da soso mai kauri, a kusa da juna, ta yadda yaro zai zama kamar ƙwai a cikin kiret. Dabarar tana aiki a karon gaba, amma takan gaza idan mota ta kife. Bayan haɗarin Chattanooga na 2016, wanda ya kashe yara shida, hukumar binciken haɗurra ta ƙasar ta ba da shawara a 2018 a riƙa sanya bel mai ratsa ƙirji a sababbin motocin makaranta.

Har rufin mota bel yana shafa, kuma wannan ne abin da ba kowa ke tsammani ba. Ƙa'ida ta 66 ta tanadi a karkata bas daga kan dandamali ta faɗa ramin da zurfinsa ya kai santimita 80, sannan a duba ko ginshiƙai sun lotsa har sun shiga filin da aka ware don tsiran fasinja. Fasinjan da ba ya ɗaure jikinsa daban yake tafiya da na motar. Wanda ya ɗaura kuwa ya zama ɓangaren motar, nauyinsa ya shiga cikin abin da ginshiƙan za su ɗauka. Saboda haka aka gyara ƙa'idar, aka ce duk bas mai bel a ƙara mata rabin nauyin fasinjojinta a wajen gwaji, a kan kilogiram 68 ga kowane mutum. Ga safa mai kujera 50, ƙarin kilogiram 1,700 ke nan, kuma yana zaune ne a sama da daɓe. Bel da ƙarfin rufi tare suke tafiya, domin babu ribar riƙe mutum a kujera idan rufin zai sauko ya same shi. Amurka ta fitar da tata dokar ƙarfin jikin safa a Disamban 2021.

Haɗurran da suka sauya dokoki

Kusan kowace doka a wannan fanni bayan jana'iza aka rubuta ta. A Oktoban 1989 wata safa ta yi karo da tirela kusa da Grafton a Ostireliya, mutum 21 suka mutu. Wata biyu bayan haka, ranar 22 ga Disamba, safa biyu suka yi taho-mu-gama kusa da Kempsey a kan wannan hanya, mutum 35 suka rasu. A haɗarin na biyu kujeru sun tumɓuke daga mazauninsu, suka tafi gaba tare da mutanen da ke kansu. Darasin da ƙasar ta ɗauka shi ne a fara da kujera da daɓe. Dokar da ta fara aiki a 1994 ta wajabta bel mai ratsa ƙirji a sababbin safa-safa, tare da kujerun da za su jure girgizar da ta ninka nauyin jiki sau 20, ma'aunin da ya zarce na Turai nesa ba kusa ba. A Birtaniya kuwa, mutuwar ɗalibai 12 da malamarsu a wata ƙaramar bas a kan hanyar M40 a Nuwamban 1993 ce ta kai ga dokar 1997 ta sanya bel a motocin da ke kai yara tafiye-tafiyen makaranta.

Hong Kong ce fitacciyar da ta kai bel cikin bas ta gari. Ƙananan bas ɗinta da aka yi wa rajista daga Agustan 2004 dole su zo da bel da doguwar majingina. Ranar 10 ga Fabrairun 2018 wata bas mai hawa biyu ta kife a kan hanyar Tai Po, mutum 19 suka mutu. Daga nan aka tsayar cewa sababbin manyan bas da kamfanoni za su saya daga Yulin shekarar su zo da bel a kowace kujera. Ga tsofaffin kuwa, a hawan sama aka mayar da hankali, kuma ba kowane samfuri ne ya karɓi gyaran ba. Yanayin birnin ne ya jawo hakan, domin bas ɗinsa na cikin gari suna hawa tsaunuka suna kuma bin manyan hanyoyi. Wannan ya nuna rauni a rabon da doka ta yi: sunan bas ba shi ke kifar da ita ba, hanyar da take bi da gudun da take yi su ne abin dubawa.

Kenya da Najeriya

A Afirka, Kenya ce ta yi yunƙuri mafi shahara. Ministan sufuri John Michuki ya fitar da dokoki a Oktoban 2003, suka fara aiki a Fabrairun 2004, inda aka wajabta wa motocin haya da ake kira matatu sanya bel a kowace kujera, da na'urar da ke hana wuce kilomita 80 a awa, aka kuma rage kujerun ƙananan bas zuwa 14. Rage cunkoson sharaɗi ne, tunda bel ɗaya mutum ɗaya yake ɗauka. Sai dai an yi ta kokawa kan bel marasa inganci da aka liƙa don gudun kamun 'yan sanda, kuma bin dokar ya yi ta ja da baya har gwamnati ta sake tayar da ita a Nuwamban 2018.

Najeriya na da duka nau'o'in biyu. Manyan bas na BRT da suka fara aiki a Legas a Maris 2008 suna cikin rukunin da ke ɗaukar fasinja a tsaye, kuma hujjojin da aka kawo kan bas ta cikin gari sun hau kansu. Matsalar tana tasoshin doguwar tafiya, inda ƙananan bas irin su Toyota Hiace ke ɗaukar mutane daga Kano zuwa Abuja ko daga Sakkwato zuwa Legas. Waɗannan ba su da gatar nauyin da babbar bas ke da ita, suna kuma gudun babbar hanya, don haka fasinjansu ya fi kusa da na ƙaramar mota a wajen haɗari. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu a Fabrairun 2017, amma batun kujera bai samu irin wannan kulawa ba.

Da yawa daga cikin motocin nan an shigo da su ne a matsayin na ɗaukar kaya, mai walda ya ƙera musu benci. Wasu an ƙara musu layin kujeru, ana kuma jera mutum huɗu inda kamfani ya tanadi uku. A manyan safa-safa akan dasa ƙarin mazauni a hanyar tsakiya. Bel ɗin da aka ɗaure a jikin irin wannan benci, ko aka huda siririn ƙarfen daɓe aka kafe shi da noti guda, zai iya gamsar da jami'in da ya leƙo ta taga, amma ba zai jure ko kusa da nauyin da aka ambata a sama ba. Idan benci ya ɓalle da mutane uku a ɗaure a jikinsa, na gabansu ne za su karɓi nauyin gaba ɗaya.

Mai motar da ke son gyara na gaskiya zai fara ne daga ƙarƙashin mota: ko ƙusoshin kujera sun ratsa ƙarfe mai ƙwari, ko akwai faranti mai kauri a bayansu da zai baza nauyin, ko tsatsa ta ci wurin. Bel ɗin da ya zare, ko wanda ya taɓa riƙe mutum a babban haɗari, sauya shi ake yi. Mai naɗe kansa kuma ana gwada shi ne da fizga mai ƙarfi, idan bai cije ba ya lalace. Shi kuwa fasinja, ɓangaren ƙugu a kan ƙashin ƙugu ake ɗora shi, ba a kan tumbi ba, na kafaɗa ya bi tsakiyar ƙirji, kada a tura shi ƙarƙashin hammata. Mai juna biyu takan saukar da na ƙugun ƙasa da cikin. Uwar da ta ɗora yaro a cinya kada ta zagaya bel ɗaya da su biyun, domin idan aka yi karo nauyinta ne zai matse yaron a jikin bel ɗin.